Latin a Gonar Surukina

Ranar yankan shinkafar surukina a Bunkure, na tsare ma'aikata ina koya musu Latin, yaren likitoci, wanda na tsinto a waya. Na ce "kurans" na nufin mai jinya, har da bayanin yadda wutsiyar kalmar ke sauyawa.

Can sai lauje ya tsarge hannun Sale, ɗaya daga cikinsu. Jini ya ɓalle. Surukina ya ƙwala kira, "Malam, taimaka, kai ka san harkar!"

Na matsa ina muzurai, na leƙa raunin. Duniya ta juya.

A cikin a-daidaita-sahu na farfaɗo, kaina bisa cinyar Sale, yana min fifita da hannunsa mai lafiya.

Har yau in na ratsa gonar sai su ce, "Likita, a shimfiɗa tabarma?"