Daƙiƙa Talatin na Kawu Mamman

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na rungumi kwamfuta daga Birnin Kebbi na nufi Argungu ina jin kaina wani babban injiniya ba. Ko da ma na so in manta, mutanen unguwar kakata ba za su bari ba, don har yau akwai sunan da suke kirana da shi. Za mu zo kan sunan.

Abin ya samo asali ne daga Malama Rabi, wadda ke kula da kwamfutocin ofishinmu. Wata rana na leƙa wajenta na tarar tana kallon labaran rana a kwamfuta. Na ce, "Malama, haka kike ƙona data?" Ta ce ko ta sisi ba ta ƙona ba. Ta nuna mini wani ɗan abu kamar filas ɗin ajiye fayil maƙale a gefen kwamfutar, da siririyar waya da ta fita ta taga zuwa eriya. Sai ta rufe hoton, ta buɗe wani baƙin allo wanda babu komai a cikinsa, babu hoton da za ka latsa, sai wani ɗan layi yana ƙiftawa. Ta rubuta umarni guda. Lambobi suka yi ta zubowa, can sai ga sunayen tashoshin talabijin suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ta sake rubuta wani layin, hoto ya buɗe a allon, ga mutum yana magana tangaran.

Wallahi tsigar jikina ta tashi. Na tsaya ina tunani: ashe duk mutanen nan da muryoyinsu suna nan suna yawo a iska, suna wucewa ta kan rufin Badariya da Nasarawa, ta kan gonakin shinkafa, ta kan hulata ni kaina, babu wanda ke jin su. Sai mace guda ta kira su da rubutu, su kuma su amsa. Ikon Allah ya wuce gaban mamaki.

Ban yi mako ba na sayi nawa ɗan abin. Malama Rabi ta shirya mini kwamfutata, ta rubuta mini layi uku a takarda: na neman tasha, na kallo, da na naɗa. A gidanmu na Gwadangaji na hau rufi da eriya ina juyawa, matata Hadiza tana ƙasa tana karanto mini lambar ƙarfin sigina. "Ya hau! Ya hau! A'a, ya sauka, koma inda kake!" Maƙwabta suka fito suna kallona (wani har ya tambaya ko wata nake dubawa da rana tsaka). Da hoton farko ya fito a allon sai da na yi hamdala da ƙarfi. Daga ranar na daina gaisawa da mutane ba tare da na kawo zancen sigina ba.

Ana cikin haka labari ya zo daga Argungu cewa 'yan talabijin sun yi hira da Kawu Mamman, yayan mahaifiyata, a kan saƙar homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, sana'ar da ya gada wajen kakanmu marigayi. Za a sa shirin ran Laraba bayan La'asar, na rabin awa. Gidan kakata babu dikoda, wuta kuma sai ta ga dama.

A nan sai in yi muku bayanin Kaka Hajo. Kawu Mamman ɗanta ne na fari, ita kuwa irin tsofaffin nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, "wancan" take cewa. In ya shigo gaishe ta, kai take kawarwa ta amsa wa bango. Ni kuwa jika, mijinta ne na wasa, babu abin da ba ma faɗa wa juna. To ita ce ta sa aka kira ni a waya, ta ce, "Maigida, an ce za a nuna wancan cikin akwati. In da hali, ka ɗebo mani in gani." Tsohuwar da ba ta taɓa roƙona ko goro ba.

Na ce, "Amarya, ki kwantar da hankalinki. Ba za ki rasa ko tari ɗaya da ya yi ba."

Ran Laraba na dawo daga aiki da wuri, na jera kayana a falo kusa da talabijin. Hadiza ta ɗauko wayarta ta ce bari ita ma ta ɗauki allon talabijin ɗin, ko don gudun ko-ta-kwana. Na yi mata wani kallo. Na ce wannan aikin 'yan koyo ne, hoto yana rawa, kukan akuya yana shiga, mu nan daga iska kai-tsaye muke ɗebowa. Baiwar Allah ta ajiye wayarta.

Sai na ɗauko takardar Malama Rabi. A ƙarshen layin naɗa, inda ta ce nan ake sa tsawon lokaci, na ga ta rubuta 1800. Na ce a raina, kai, Malama ma tana kuskure ashe. Shirin minti talatin ne, ina ruwansa da dubu ɗaya da ɗari takwas? Lambarta tana cikin wayata, kiran minti ɗaya ya isa. Amma ina! Na goge, na rubuta 30, har ina jin daɗin na kama malamata da kuskure. Karambanin akuya, gai da kura.

Na jira kiɗan buɗe shiri ya ƙare (don kada in ɓata wuri da kiɗa, kun ga tsabar ƙwarewa), fuskar Kawu na bayyana na danna. Muka zauna muka sha kallo a talabijin. Kawu ya yi bayani mai daɗi, ya nuna yadda ake ɗaura zare, ya ba da labarin yadda mahaifinsa ke zaunar da shi a bakin ruwa yana koya masa. Can a tsakiya Hadiza ta leƙa kwamfutar ta ce, "Wanga abu ya yi shiru hwa." Na ce haka manyan ma'aikata suke, ba su da surutu. Da aka gama na buɗe fayil ɗin, na ga fuskar Kawu fes, na ji an yi masa sallama, na rufe. Murna ba ta bar ni na kalli gaba ba.

Ran Asabar na isa Argungu da hantsi. Ashe labari ya riga ni. An aro babbar talabijin daga maƙwabta, an tayar da janareta, an shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Masunta abokan Kawu sun cika gefe guda, mata da yara ɗaya gefen. Kawu Mamman ya sha babbar riga yana zaune a gaba. Kaka Hajo tana bakin ƙofar ɗakinta a kan kujera 'yar tsugunno, ta juya gefe kamar abin bai dame ta ba.

Da mai hankali ne da sai ya kunna kawai. Ni sai da na yi lacca. Na yi musu bayanin yadda hoto ke tafiya a iska, yadda na kamo shi da rubutu, na nuna musu baƙin allon a babbar talabijin. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Allah mai iko. Yaro ya kama mutum cikin iska ba da homa ba." Kaina ya ƙara girma. Na rubuta umarnin a hankali don kowa ya gani, na danna.

Sai ga Kawu a allo. Gida ya ɗauki salati.

Mai gabatarwa ya ce, "Assalamu alaikum, Malam Mamman, ina wuni?"

"Lahiya lau."

"Ya gida, ya iyali?"

"Lahiya lau, alhamdu lillahi."

"Ya ruwa, ya sana'a?"

"Da godiya."

"Ya gajiya? Ya muka same ku?"

"Ba gajiya. Lahiya lau kunka ishe mu."

"Madalla. To Malam, faɗa mana yadda ka fara wannan sana'a."

Kawun cikin allo ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya buɗe baki ya ce, "To..."

Sai baƙin allo. Ɗan layin nan yana ƙifta mini ido.

Wani ya ce, "An ɗauke wuta na?" alhali janareta na ta ruri a bayansa. Na ce ƙaramar matsala ce. Na sake kunnawa. Aka sake gaisawa tun daga sallama har gajiya, Kawu ya ce "To...", allo ya yi baƙi. Na uku ma haka. Zufa ta fara bin bayana. Na kira Malama Rabi, kuma saboda ƙarar janareta na sa wayar a lasifika, wanda shi ne kuskurena na biyu.

Ta ce, "Nawa ka sa a wajen lokaci?"

Na ce, "Talatin. Na ga kin yi kuskure kin sa dubu da ɗari takwas, sai na gyara."

Sannan, a gaban masuntan Argungu da matansu da 'ya'yansu, muryarta ta fito tas: "Inna lillahi. Malam, da daƙiƙa yake ƙirga. Minti talatin ai shi ne dubu da ɗari takwas. Daƙiƙa talatin ka naɗa."

Na so ƙasa ta tsage. Dattijon nan da ya yabe ni shi ya fara fashewa da dariya, ya ce, "Wa ya gaya maka Bahaushe na gama gaisuwa cikin daƙiƙa talatin?" Tsakar gida ta kaure. Kawu Mamman kansa ya yi dariya har da hawaye, ya ce sauran maganar tana bakinsa, wanda ke so ya biyo shi zaure ya ji. Nan take wani ya raɗa mini suna Daƙiƙa Talatin, kuma ya bi ni.

Jama'a suka watse zuwa zaure. Ina naɗe wayoyi kaina a ƙasa, na kasa duban wajen Kaka. Sai na ji ta ce, "Maigida, kawo abin nan ɗaki."

Na kai mata kwamfutar, na ɗora a kan gado, na fara ba da haƙuri. Ta ɗaga mini hannu. "Kunna." Na kunna. Ta matso da fuskarta dab da allon, ta ƙura wa Kawu ido har ya ce "To...". Ta ce, "Sake." Na sake. Ban ƙirga ba, amma mun haura sau goma. A wani zagayen ta kai yatsa ta taɓa allon daidai gemunsa.

"Ashe wancan ya yi hurhura haka," ta ce a hankali. "Kunnuwan kakanka Malam na gare shi. Tun yana goye ban samu na dube shi haka ba." Ta goge ido da gefen mayafi, sannan ta harare ni. "Rabin awa anka ba ni, kai kuma ka kawo mani loma guda. Miji marowaci."

Wannan ta fi dariyar masunta yi mini ciwo, don gaskiya ta faɗa. Mun nemi a maimaita shirin, ba a dace ba. Na tura mata daƙiƙa talatin ɗin a wayar gidan, kuma an ce kullum bayan Azahar sai ta sa an kunna mata, a ɗaki, ƙofa a rufe.

Har gobe ina mamakin baƙin allon nan. Abin da ka faɗa masa shi yake yi, ba abin da kake nufi ba, kuma ba ya jin kunyar kowa. Ni dai yanzu in na ga lambar da ban gane ba, waya nake ɗauka in tambaya kafin in gyara wa malamata rubutu. In kuma Hadiza ta ɗaga wayarta za ta ɗauki talabijin, matsawa nake yi in ba ta wuri.