Rasuwar Fam Biyar a Turmin Gwaggo Ladi

Da zuciya wadda baƙin ciki ya cika ta har wuya, ni Abdulgani ɗan Mamman na Gwandu nake sanar da 'yan uwa da abokan karatu rasuwar takardata ta fam biyar, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da la'asar, cikin daminar bana ta 1956. Wata huɗu kacal muka yi tare.

Tare muka baro Zariya. Ga abin da na ɗauko bayan shekara bakwai ina karatu: akwatin ƙarfe ɗaya, riga biyu, wando biyu, takalmi sau-ciki, alƙalami, takardar shaidar gama makaranta, wasiƙar wani kamfani na Ikko mai cewa in kama aikin akawu ran ɗaya ga Agusta, sai ita marigayiya, ninki huɗu, a aljihun ƙirji. Shekara biyu na yi ina koya wa 'ya'yan wani ɗan kasuwa lissafi kafin in same ta. Ita ce kuɗin motata, ita ce kuɗin jirgin ƙasa, ita ce hayar ɗaki ta watan farko. Ba ita, ba Ikko. Gida kuwa sallama kawai na zo yi.

Marigayiya mutuniyar kirki ce. Ba ta da surutu irin na kwabbai, masu tona asirin mutum tun daga bakin zaure. Iyakar maganar da na taɓa ji daga bakinta ita ce ƙaras, in an buɗe ta, da ƙaras, in an mayar. Ba ta da nauyi, ba ta cin ciyawa, ba ta wari. Babban halinta kuwa, wanda na fi so, shi ne ba ta da dangi. Ba ta taɓa tambayata ko ni ɗan wane ne ba, ko yaushe zan yi aure, ko me ya hana ni zuwa sunan ɗan wance. Wasu mutane da ban taɓa gani ba sun sa hannu a jikinta cewa ita kuɗi ce, ni kuma na yarda da su fiye da yadda na yarda da maƙwabcinmu.

Ciwon ajalinta ya fara ne a kasuwar Kalgo, inda mota ta sauke mu. Yunwa ta kama ni, na sayi fura, na miƙa marigayiya. Mai furar ta duba gabanta, ta duba bayanta, ta jefa ta a kan faifai, ta kasa kunne. Shiru.

“Malam, wanga kuɗi naka bebe na,” in ji ta. “Ba ni kwabo mai magana, ko ka aje min hurata.”

Na je wurin mahauci. Ya ce ko ya yanka duk abin da ke numfashi a kasuwar ba zai haɗa mini canji ba. Haka na tsaya tsakiyar Kalgo, na fi kowa kuɗi, na fi kowa yunwa, har wani dattijo mai sayar da kifi, Albarka na Diggi, ya ƙura mini ido ya ce, “Kai ba ɗan Mamman na ba? Kunnuwan ga ba su ɓacewa. Zamna ka ci.” Na ci kifi biyu da kunnuwan ubana. Marigayiya tana aljihu, ko anini ba ta biya ba. Tun ran nan na lura ba ta da lafiya.

Kwana uku da isowata Gwandu zazzaɓi ya kwantar da ni. Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni, ta ɗauki rigata za ta wanke. Gwaggo ta shekara talatin tana sayar da ƙuli-ƙuli, ta san anini, ta san sisi, takan gane sulen jabu da haƙori, amma kuɗin takarda bai taɓa shiga hannunta ba. Ta laluba aljihu, ta tarar da takarda a ninke kusa da zuciyata, ta buɗe, ta ga rubutun ajami a jiki. Abin da aka rubuta adadin kuɗin ne, ba ƙari. Gwaggo kuwa ta san abu ɗaya: takarda mai irin wannan rubutu, a ninke a ƙirjin mara lafiya, rubutun sha ne da wani malami ya ba shi, shi kuma don taurin kai irin na 'yan boko ya ƙi sha.

Ta jiƙa ta a ruwan tsamiya tun hantsi. Marigayiya, Allah ya ba ta ladan haƙuri, ta ƙi sakin tawada. Gwaggo ta ƙara kanwa. Ta ƙi. Da azahar ta wuce sai aka sa ta a turmi da citta da kanumfari. Waɗanda ke tsakar gida sun shaida ba ta yi kuka ba. An dama ta cikin kunu, an kawo mini a ƙwarya, na shanye tas, har na ce a ƙaro.

Washegari zazzaɓin ya sauka. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Da na nemi rigata na gane abin da ya faru, sai na yi wa Gwaggo bayani dalla-dalla, da alƙalami da takarda, cewa abin da ta daka zai sayi ƙuli-ƙulinta na shekara da kaskon da take suya. Ta saurara har na gama. Ta ce, “Malaman Zariya sun iya rubutu, amma takardassu tauri gare ta. To ai ga shi ka tashi. Kuma yanzu tana jikinka, ɗan nan, ba ɓarawon da ka iya ɗauke ta.”

Marigayiya ta rasu ta bar sule ɗaya, da sisi, da kwabo uku masu huda, da anini guda wanda aka tsinta a ɗinkin akwati, dukkansu marayu ƙanana da ba za su iya kai kansu ko Jega ba, balle Ikko. Ta bar wasiƙar Ikko, wadda ke zaman takaba. Ta bar ni.

Labari bai kwana ba. Mutanen da ba su gaishe ni ba ran da na dawo da takardar shaida, sun cika zaure don su ga mutumin da ya sha fam biyar. Wani ya taɓa cikina ya shafa a fuska. Wani ya tambaya ko in na yi tari canji zai fito. Kowa kuma ya zo da wanda yake ganin zai gaje ta, kuma wajibi ne in bayyana su, don kada a ce na ɓoye magada.

Na farko kuɗin wuri ne na zamanin da, tukunya guda, da wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta tono daga bayan ɗakinta. Ta ce a zamanin kakarta wannan tukunya jaki ce sukutum. Ta ce su ma wata rana aka wayi gari aka ce ba kuɗi ba ne, ba wanda ya nemi shawararsu, ba kuma wanda ya zo musu gaisuwa. Na karɓa da hannu biyu. Gawa ce ta zo yi wa gawa ta'aziyya.

Na biyu gero ne, dami shida, daga rumbun Gwaggo. Gero kuɗi ne na gaske, ana karɓarsa ko'ina daga nan har bakin gulbi, kuma ba sai an daka shi bisa kuskure ba. Aibinsa ɗaya ne: cikin damina muke, sabo bai nuna ba, duk damin da na kai kasuwa tuwon wani ne a gidan nan, kuma na san sunan mai tuwon.

Na uku busasshen kifi ne, kwando guda, daga Albarka. Wannan na gwada shi. Na koma Kalgo na sami direban motar da ke tashi ran Asabar, ya shinshina, ya ce kifi zai kai ni Jega. Daga Jega zuwa tashar jirgi sai abin da Allah ya yi, mai yanka tikiti kuwa ba ya karɓar abu mai ƙaya. Na ce to in sayar da shi nan kasuwa. Na juya, sai ga Albarka zaune a rumfarsa yana ɗaga mini hannu. Ba a sayar da gaisuwar mutum a gaban idonsa. Na ɗauko kwandona na dawo.

Na huɗu ya zo da ƙafarsa. Kawu Ɗahiru, yayan mahaifiyata, makiyayi a Dalijan, ya shigo janye da jar karsana, ya ɗaure ta a turken Gwaggo, ya zauna ya sha ruwa kafin ya yi magana.

“Haɓɓanaye ta,” ya ce. “Ka riƙe ta har ta haihu uku. 'Ya'yan naka, uwar ka maido min. Ba a saida ta, ba a yanka ta, ba a ba wani kiwo. Wadda kas sha, nawa ta taɓa haihuwa?”

Na ce ko ɗaya.

“To.”

Na yi lissafi, tunda abin da aka koya mini ke nan. Maruƙa uku sun ninka marigayiya. Sai dai karsana ba ta shiga aljihun ƙirji. Tana son ciyawa da safe, da ruwa da rana, da mutum a kusa. Wanda ya riƙe ta dole ya je Dalijan gaisuwa, ya je suna, ya je jana'iza, ya san sunan 'ya'yan Kawu goma sha ɗaya. Ga abin da na gano, kuma ina roƙon abokan karatuna su rubuta shi a inda gara ba ta kaiwa: in takarda ta mutu, abin da zai gaje ta yana da baki, yana da dangi, kuma ya san gidanku. Ba wanda zai kwana da yunwa. Ba kuma wanda zai je ko'ina ba tare da an tambaye shi ina za shi ba.

Game da jana'iza: mafi yawan gawar an riga an binne ta a inda kowa ya sani, kuma iyalai ba sa son a yi ta maimaita zancen. Amma an sami kusurwa ɗaya, kamar girman farce, manne a gindin taɓarya, da lamba biyu a jiki. Ita za a yi wa sutura. Za a haƙa mata da cokali a bayan rumbun Gwaggo ranar Asabar da hantsi. Ba a bukatar makara. Mata za su taru a tsakar gida, maza a zaure. Za a raba kifi, don ya fara damun maƙwabta. Masu zuwa daga Diggi da Malisa su taho da tabarminsu. Duk mai takarda a aljihu ya bar ta a gida, Gwaggo tana nan, kuma tana ganin kowa bai da lafiya.

Asabar da hantsi ne motar Kalgo ke tashi, ita ce kuma ta ƙarshe da za ta kai mutum Ikko kafin ɗaya ga wata. Direba ya aiko yau yana tambaya ko a ajiye mini wuri a gaba, in ya so sauran hanya in roƙi arziki. Na fita na dubi karsanar, ita ma ta dube ni tana tuƙa. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi. Na shiga ɗaki na ja ƙofa na sa sakata. Ba zan je ba. Mai gawa ba ya barin gari ranar jana'iza, kuma ina da haihuwa uku a gabana.