Ranar Da Aka Tare Mu A Hanyar Madani

Ko da tsufa zai kama ni har in riƙa ruɗa sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa ba da tafiyar da na kai surukina yankin Jazira na ƙasar Sudan a cikin watan azumi. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Ni ɗan Funtuwa ne. Karatu ya kai ni Khartoum, 'yan shekaru kafin yaƙin nan ya ɓarke, a can kuma Allah ya haɗa ni da Zainab, 'yar Hausawan Sudan. Muka yi aure, muka kama ɗaki a Umbadda, can yamma da Omdurman. Mahaifinta, Baba Abakar, yana unguwar Hilla Kuku a tsallaken kogi. Dattijo ne dogo, marar yawan magana, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana tsinkar auduga a gonakin Jazira kafin ya dawo birni ya buɗe shagon hatsi.

Ina da wata cuta, gara in faɗa tun yanzu: son hanya. Da zarar na ji ƙamshin hutu sai in buɗe taswira a waya in fara auna ina za a je a dawo a yini ɗaya. Haka na ja Zainab zuwa Jabal Auliya muka ci soyayyen kifi a bakin madatsar ruwa. Haka na ja ta Sabaloka, inda kogin Nilu yake matsewa tsakanin baƙaƙen duwatsu yana gurnani, na tsaya baki buɗe har mai kwale-kwale ya ce in zauna kar in kifar da su. Ranar da muka je Bajarawiya kuwa, na ga waɗancan gine-ginen dala na mutanen dā a tsaye cikin jan yashi, ba kowa sai iska, sai da na yi ƙwalla. (Zainab ta ce yashi ne ya shiga idona. Na bar ta a haka.) Daga tafiye-tafiyen nan uku na yanke wa kaina hukuncin cewa na san Sudan ciki da bai.

To ga inda matsalar take. Karatuna ya zo ƙarshe, ina son in koma gida da matata, ita kuma ta ce ko ƙofar filin jirgi ba za ta taka ba sai da yardar mahaifinta. Baba Abakar bai ce a'a ba, bai kuma ce e ba. Duk sanda na ɗauko zancen sai ya shafa gemu ya ce, "Ustazu, hanyar da kakanninmu suka yi shekaru suna takowa da ƙafa, ita za ka mayar mini da 'ya? Bari dai mu gani." Wata uku ina jin wannan "mu gani" ɗin.

Sai ga azumi ya kama. Wata rana ya ce yana marmarin ganin yayansa da ke wani ƙauyen manoma kusa da Hasahisa, ya daɗe bai je ba. Kafin ya rufe baki na ce ni zan kai shi. A raina na ce ga dama ta samu, yau zan nuna wa tsohon nan cewa 'yarsa tana hannun mutumin da ya san hanya. Na ari motar Yaya Usman, wan Zainab, wanda yake ji da ita kamar 'yar fari. Na zana tafiyar a takarda: ƙarfe nawa za mu tashi, ina za mu sha mai, ina za mu yi la'asar. Na cika baki a gaban kowa cewa kafin a kira magariba, da sauran rabin awa cif, muna zaune a tabarmar yayansa.

Baba ya karɓi takardar ya juya ta, ya ce, "Tamam," wato ya yi daidai.

Ranar tafiya ni da Zainab muka baro Umbadda da wuri, muka haye gada zuwa Bahri, muka iso Hilla Kuku kan lokaci. Daga nan takardata ta fara shan wahala. Baba ya ce rawaninsa bai bushe ba. Da ya bushe, ya ce sai ya leƙa maƙwabci marar lafiya. Da muka fita gari muka kama hanyar garin Madani, ya ce a tsaya ya sayi dabino na tsaraba, ya bi buhu-buhu yana latsawa kamar mai zaɓen amarya. La'asar kuwa, da na ba ta minti goma, sai da ya yi lazimin da ban taɓa ganin ya yi irinsa ba. Ina ta satar kallon agogo, ina murmushin dole, don ba a cewa suruki ya yi sauri.

Amma wallahi hanyar ta kusa mantar da ni agogon. Da muka wuce Masid, ƙasa ta baje shafe, babu tudu babu dutse, har iyakar ganin ido. Magudanan ruwa sun miƙe sambal suna yanka gonaki, fararen balbelu na tashi daga gefensu garke-garke. Rana ta sunkuyo ta hannun dama, jawur, ta rina komai, har farar jallabiyar Baba. Ya nuna da haɓa ya ce, "Duk wannan da ka gani, da ruwan kogi ake noma shi. Ni da yayana mun sha kwana a bakin irin wannan magudanar muna jiran a sako mana ruwa." Wannan ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini. Na rage gudu ba tare da na sani ba, ina kallon ikon Allah da aikin hannun mutane.

Sai da na ga inuwar motar ta yi tsawo sannan na farga. Magariba ta kusa, mu kuwa da sauran tafiya mai yawa. Na taka mota.

Can gaba na hango su. Maza wajen bakwai a tsaye a tsakiyar kwalta. Biyu sun ja wani dogon farin abu daga wannan gefe zuwa wancan sun toshe hanya, wasu riƙe da sanduna suna ɗaga wa motoci hannu. A gefe ga wata babbar bas an riga an sauke ta daga kwalta, ana fito da fasinjoji ɗaya bayan ɗaya ana kora su bayan wani gini.

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyinmu na gida da yamma ya san abin da wannan hoton yake nufi. Ni ban tsaya tunani ba. Na taka birki har sai da goshin Baba ya kusa dukan gilashi. Na duba baya, wata motar kaya ta riga ta rufe ni.

"Innalillahi! 'Yan fashi! Zainab, kwanta! Baba, sunkuya!"

Zainab, da take gyangyaɗi a baya, ta farka ta leƙa ta ce, "Malam, tsaya ka ji, ai waɗannan..."

"Na ce ki kwanta!" (Tun da muka yi aure ban taɓa daka mata tsawa ba sai ranar.)

Baba ya buɗe baki, na ce, "Baba, don Allah ka bar mini wannan, na san irinsu." Ni ɗin nan, ɗan shekara biyu a ƙasar, nake gaya wa wanda aka haifa a cikinta. Ya dube ni, ya jingina da kujera.

Wani ƙato mai sanda ya nufo mu da sauri yana ihu da Larabci. Abin da kunnena ya iya kamawa kawai shi ne "sauko" da kuma rantsuwa. Na zare mabuɗi, na fito, na rufe ƙofa a bayana. Na zube a kan kwalta mai zafi, na ɗaga hannuwa sama, mabuɗi a ɗaya, waya a ɗaya. Da guntun Larabcina na makaranta, irin na littafi wanda ba mai yinsa a kasuwa, na ɗaga murya na ce:

"Ya ku mutane! Ku karɓi mota, ku karɓi waya! Ku bar mini dattijon nan da matar nan, ni ku yi yadda kuka ga dama da ni!"

Ƙaton ya tsaya cak, ya dubi sandarsa, ya dube ni. Sai a lokacin na lura da ɗaya hannun nasa. Kwanon dabino ne. Farin abin da suka toshe hanya da shi kuwa rawani ne, mai shi yana tsaye kansa ba komai sai hula. Daga bayan ginin nan da nake zaton ana tsare da fasinjoji, ƙamshin miya ne yake tasowa.

Na ji ƙarar buɗe ƙofa. Baba Abakar ya fito a hankali, ya gyara rawaninsa, ya yi musu sallama, ya ce musu wani abu a gajarce, na tsinci kalmar "Najeriya" a ciki. Nan take kwalta ta ɗauki dariya. Mai rawani ya saki bakin rawaninsa ya riƙe ciki. Direban motar kaya ya kifa kansa a sitiyari. Zainab ta ja mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Ni kuwa ina durƙushe, na rasa ma yadda ake sauke hannu. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

Ƙaton ne ya ɗago ni, ya rungume ni har ƙasusuwana suka amsa. Baba ya ce, "Ustazu, cewa yake ya rantse da igiyar aurensa ba za ka wuce nan ba sai ka sha ruwa. Ka taimaki mutum kar ka raba shi da iyalinsa."

Ashe al'adar mutanen hanyar nan ke nan. Duk yammacin azumi, kowane gida zai fito da tirensa bakin titi, samari da dattawa su tare hanya, duk matafiyin da magariba ta riska sai ya sauko, ko bas ce mai mutum hamsin. Na saba ganin maƙwabta suna shimfiɗa a ƙofar gida a Umbadda, amma ban taɓa fita daga gari da azumi ba, ba kuma a rubuta wannan a taswirar waya.

Da muka zagaya bayan ginin, kunyar ma ta ɗan sake ni saboda mamaki. Tabarmi a jere, layi bayan layi, sun fi tsawon filin ƙwallo. Tire-tire na asida, wato tuwonsu, da miya ja, da dafaffen wake, da tuluna na hilu-mur, wancan jan abin sha mai tsami-tsami da zaƙi-zaƙi. Mata suka ja Zainab cikin gidaje. Wasu dattawa biyu suka kusa dambe a kaina, wannan ya kama hannun dama, wancan na hagu, kowa na cewa baƙon nasa ne. Gidajen da abincin ya fito daga ciki na laka ne, wasu ma katangarsu ta zube. Babu wanda ya tambayi sunan wani. Ladan ya kira salla, ɗaruruwan mutanen da ba su san juna ba suka miƙa hannu lokaci guda, wurin ya yi shiru sai bisimilla. Na kai dabino baki, ƙwalla ta ciko mini ido, wannan karon kuma babu yashin da zan laƙa wa laifi.

Bayan mun yi salla a nan kan tabarmin, Baba yana kurɓar shayi, na matsa kusa da shi ina kallon ƙasa.

"Baba, ka yi haƙuri. Ban kai ka kan lokaci ba, ga kuma abin da na yi."

"Wane lokaci? Yayana ya san sai bayan isha'i zai gan mu." Ya hura shayinsa. "Shekara nawa rabona da a tare ni a hanyar nan, ya waladi, ɗana. Kai kuma ka zo da takarda za ka wuce da ni a guje. Kalas, shi ke nan, sai na yi dabara."

Wato rawanin da bai bushe ba, da dabinon, da lazimin.

Ya ajiye kofin ya juyo ya dube ni sosai. "Hanya dai ba ka sani ba, wannan na gani. Tsoro kuma kana da shi, ma sha Allah, cike da ciki. Amma ka fito daga motar, ka kuma rufe ƙofa a kanmu. In kun tashi tafiya ƙasarku, ka faɗa mini da wuri, uwarta za ta so ta haɗa mata kaya."

Haka na sami yardar da na yi wata uku ina nema, da ƙurar kwalta a gwiwar wandona. Labarin kuwa ya riga mu komawa Khartoum. Yaya Usman ya kira ni washegari ya ce ya ji kyautar da na yi da motarsa, Allah ya ƙara arziki.

Yanzu muna Funtuwa. Duk azumi, in baƙi sun zo shan ruwa, sai Zainab ta ba su labarin, har da ɗaga hannu da kwaikwayon Larabcina, ni kuma in yi kamar ina neman wani abu a waya. Abin da na koya dai ba shi da yawa: in aka tare ka a ƙasar da ba taka ba, ka fara duba abin da ke hannun mutanen kafin ka ɗaga naka.