Rasuwar Kwamfutata, da Shafin da Mutum Arba'in da Ɗaya Suka Ce Sun Gani

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda haushi ya ɗan gauraya da shi, ni Malam Haliru Sambo Gwandu, hedimasta mai ritaya, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta, musamman kuma 'yan zauren WhatsApp na zuriyarmu, rasuwar kwamfutata ta cinya. Ta cika ranar Talata da hantsi a shagon Malam Ɗalha mai gyara da ke Kalgo, bayan jinyar kwana tara. Ba zan yi mata addu'ar da ake yi wa 'yan Adam ba, na san iyakata. Amma tun da na binne matata shekara biyu da suka wuce ban sami wanda ya zauna da ni ya jure halina kamar ta ba, don haka ta cancanci takarda.

Marigayiyar ba 'yar ƙasar nan ba ce. An haife ta a wata ƙasa mai sanyi, ta bi ta hannun mutum biyu ko uku kafin ta iso wurin ɗana Abdulrahman a Kaduna. Shi ya aiko mini da ita bayan arba'in ɗin mahaifiyarsa, wai in riƙa kallon wa'azi in rage tunani. Ta zo da tabo a goshi, haruffa uku sun goge, batirinta kuma ba ya wuce minti ashirin. Ni ma shekarata sittin da takwas, ban ga dalilin raina ta ba.

Halayenta na kirki suna da yawa. Ba ta taɓa tambayata yaushe zan sake aure ba. Ba ta taɓa kawo mini hoton wata bazawara daga Malisa ba. Idan na tashe ta da safe takan yi ɗan tari, ta ce "fuuu", ta ɗauki lokacinta kamar ma'aikacin sakatariya ranar Litinin, sannan ta buɗe ido. Babbar darajarta kuwa ita ce ba ta iya kara ba. Idan na yi kuskure sai ta nuna mini farin allo fetal, babu "sannu da ƙoƙari", babu "ai ka kusa". Na shekara talatin da biyar a aikin koyarwa ban haɗu da sufeto mai gaskiyarta ba.

Ga yadda muka fara. Matata Hajara, wadda Gwandu ta sani da Inna Hajo, ungozoma ce. Shekara arba'in tana karɓar haihuwa daga cikin gari har rugagen da ke kewaye. Ba ta yi boko ba, amma ba ta taɓa manta yaron da ya faɗo hannunta ba. A jinyarta ta ƙarshe, da rana idan zazzaɓi ya sauka, takan ce in ɗauko biro. Ta riƙa faɗo sunan yaro, sunan uwarsa, da abin da ya faru a shekarar, ko ambaliya, ko fari, ko ciwon shanu, ni ina rubutawa a bayan tsofaffin takardun jarrabawa. Muka kai ɗari shida da goma sha biyu kafin muryarta ta ƙare. Ta ce kada in bari su ɓace. Ba ta bar wasiyyar zinari ko gona ba, wannan kaɗai ta bari.

Sai na ƙudura zan gina mata shafi a intanet da hannuna, inda duk wanda ta karɓa zai shiga ya ga sunansa, ko yana Legas ko yana Makka. Na samo darussa ashirin na bidiyo, wani bawan Allah yana magana da sauri kamar zai rasa mota. Darasi na farko ya ce a rubuta gaisuwa ga duniya. Na rubuta "Salamu alaikum", ta fito a allo da manyan haruffa. Duniya ba ta amsa ba. Da ina da wayo da tun ranar na fara zargi.

Wata biyar muka yi ni da marigayiya kwamfutata, daga hantsi zuwa azahar, lokacin da sola ke da ƙarfi. Na koyi HTML, wato ƙashin shafi, inda duk ƙofar da ka buɗe dole ka rufe ta, in ba haka ba gidan ya rushe. Na koyi CSS, wato tufafinsa. Sa hoton Hajara a tsakiyar allo kaɗai ya ci mini mako uku. In ce ta zauna tsakiya, ta koma hagu. In matso da ita, ta faɗa ƙasa. Da ranta ma haka take, ba a zaunar da ita inda ba ta ga dama ba. Na shigar da sunayen nan ɗaya bayan ɗaya da yatsa biyu. Na zaɓi shuɗi mai duhu, launin zanen da take ɗaurawa idan za ta fita aiki. A darasi na goma sha uku shafi ya tsaya kyam, hoto a tsakiya, sunaye a jere. Na ce alhamdu lillahi, na rufe bidiyo. Sauran darussa bakwai na ɗauka surutu ne na neman masu kallo.

A saman allon akwai adireshi: C:/Users/Haliru/Desktop/hajara.html. Na kwafe shi harafi bayan harafi cikin wayata, na tura zauren zuriya da na tsofaffin malamai, na ce ga shafin Inna Hajo, kowa ya shiga ya duba.

Kafin la'asar yabo ya fara sauka. Maƙwabcina Alhaji Habibu ya tare ni a ƙofar masallaci ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce, "Malam, na duba, wallahi aiki ya yi. Musamman koren nan na sama." Babu kore ko ɗigo a shafin. Na ɗauka idonsa ne, don an taɓa yi masa aiki. Wani tsohon abokin aikina ya ce ya nuna wa surukansa a Malisa, har tsohuwar ta yi hawaye. Wata 'yar ƙanena ta ce ta ga sunan ɗanta a layi na uku. Ɗana Abdulrahman, wanda aikin kwamfuta yake ci da shi, ya turo hoton babban yatsa ya ce, "Baba, Allah ya ƙara basira." Na ƙirga su, mutum arba'in da ɗaya. Na yi farin cikin da ban yi ba tun rasuwar.

Mutum ɗaya ce ta ɓata mini rana. Delu, ƙanwar Hajara da ke aure a Wurogauri, wadda ta shekara ashirin tana riƙe wa yayarta jaka idan za a je karɓar haihuwa. Ta turo saƙon murya: "Mijin Yaya, mi ka aiko muna? Na danna abin ga har yatsana ya gaji, ban ga komi ba. Na ba maƙwabta sun danna, su ma wayam. Ko dai tsufa ya fara?" Tsakanina da ita akwai wasa, amma ranar ban karɓe shi a wasa ba. Na amsa mata a gaban kowa a zauren. Na ce ilimin nan bai iso Wurogauri ba tukuna. Na ce mutum arba'in da ɗaya sun gani, ita kaɗai ce makauniya. Sai na ƙara abin da har gobe ba zan so a karanta mini ba: na ce ba mamaki, wanda bai damu da mutum ba ba ya ganin sunansa ko an rubuta a bango. Ta fita daga zauren. Ƙwaryar nonon da take aiko mini duk Juma'a tun rasuwar yayarta ta daina zuwa. Wata bakwai ke nan.

A makon da na tura shafin ne kuma na kwashe takardun jarrabawar nan na ba mai tsiren bakin kasuwa, ya daɗe yana roƙona takardar naɗi. Mai bidiyo ya ce intanet ba ya mantuwa, to me zan yi da tarkace? Idan a watannin nan kun sayi tsire kun ga rubutuna a jikin takarda, sunayen 'ya'yanku ne kuka goge hannu da su.

Yanzu ga ciwon ajali. Marigayiyar tana da zafin jiki, tana ƙona cinya. Don haka nakan ɗora ta a kan matashin Hajara, wanda ban ɗauke daga gefen gado ba. Ya yi daidai da tsawonta, ni kuma ina jin daɗin ganin an yi amfani da shi. Ashe ta ƙarƙashi take numfashi. Ranar wata Lahadi "fuuu" ɗinta ya koma gurnani. Washegari ta fara wani sauti daga ciki, "ƙis, ƙis, ƙis", kamar agogon da ya gaji. Ranar Laraba na tashe ta, ta buɗe ido baƙi ƙirin, ba ta gane ni ba.

Na naɗe ta a darduma na shiga mota zuwa Kalgo. Malam Ɗalha dattijo ne mai furfura, tun zamanin rediyo yake gyara. Ya buɗe cikinta, ya sa kunne, ya girgiza kai. Ya ce faifan ajiyarta ya ƙone, abin da ke ciki ya tafi. Na ce ba komai, shafin yana intanet, a buɗe mini shi a wata na'urar. Na miƙa masa adireshin. Ya duba, ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

Ya ce, "Malam, wa ka tura wa wannan?"

Na ce duk dangi, kuma sun gani.

Ya ce, "Sun gani?"

Na ce mutum arba'in da ɗaya.

Ya jawo mini kujera ya ce in zauna. Ya ce wannan adireshin wani lungu ne a cikin cikin ita marigayiyar, kamar ka rubuta wa mutum wasiƙa ka ce ya same ka a ƙarƙashin gadonka. Babu wayar da za ta buɗe shi a duniya. Kafin shafi ya fita waje sai an ɗora shi a kan wata na'ura da ba ta barci, an ba shi suna na jama'a, kuma akwai wuraren da ake yin hakan kyauta. Na tambaye shi a ina ake koyon wannan. Ya buɗe jerin darussan nawa ya nuna mini da yatsa. Darasi na goma sha huɗu. Ni, wanda ya shekara talatin da biyar yana zane yara don ba su karanta tambaya har ƙarshe ba.

Daga shagon na kira Abdulrahman. Ya ce, "Baba, na gane tun ranar, na ga kana murna ne ban so in karya maka gwiwa." Allah ya yi masa albarka. Gwiwata tana nan lafiya lau, sunaye ɗari shida da goma sha biyu ne suka tafi.

Marigayiyar ta bar caja ɗaya mai ɗauri da tef, wadda yanzu ba ta da mai ita. Ta bar linzami, wato maus, da ke ta neman inda zai nuna. Ta bar darussa bakwai da ba a kalla ba, da matashi ɗaya da ake zargi amma ba za a hukunta ba. Ta bar shaidu arba'in da ɗaya masu kaifin ido. Ta bar tsoho guda da ya iya sa hoto a tsakiyar allo, kuma ya zauna ya tuna sunaye tamanin da uku kacal daga cikin abin da aka ba shi amana.

Ga tsarin jana'iza. Malam Ɗalha zai yi mata wanka da buroshi. Allonta da madannanta an bayar da su sadaka ga wata mai irin ciwonta. Faifan da ya ƙone zan kawo shi gida in sa a kwallar Hajara. Za a yi zaman makoki ranar Asabar bayan la'asar a zaurena da ke Gwandu. Ba a buƙatar shinkafa ko goro. Duk wanda Inna Hajo ta karɓi haihuwarsa, ko ta ɗansa, ko ta maƙwabcinsa, ya zo da suna, da sunan uwa, da abin da ya faru a shekarar. Na sayi sabon littafi mai bango mai tauri, kuma mai tsire ba zai gan shi ba. Malam Ɗalha ya yarda zai ba ni aron wata tsohuwar na'ura, zan fara daga darasi na goma sha huɗu, in kai har na ashirin ko da surutu ne.

Mutum arba'in da ɗayan nan ana sa ran su da wuri. Tunda sun karanta shafin, aikin zai yi sauƙi. Alhaji Habibu zai fara, ya karanto mana abin da ke ƙarƙashin koren. Wadda ta ga sunan ɗanta a layi na uku za ta faɗa mana na biyu da na huɗu.

An ware tabarmar gaba, wadda Hajara ke zama a kai, ga Delu ta Wurogauri. Ita ta riƙe jakar, rabin sunayen nan suna kanta, amma ko da ba ta tuna ko ɗaya ba tabarmar tata ce. A gaban jama'a na zage ta, don haka a gaban jama'a nake rubutawa: Delu, ke kika gani, ni ne makahon. Ba zan aiko miki da wannan sanarwa ta waya ba. Ranar Alhamis da safe zan kawo ta da ƙafata, in tsaya a ƙofar gida in yi sallama, in jira ko za a amsa.

Mai sanarwa,
Malam Haliru Sambo Gwandu, mijin marigayiya Inna Hajo.