Mai Gudun Aikin Gida a Bulok B

Wani ne a wata sakandare da ke gefen garin Klaten, duk duniya ba abin da ya tsana kamar aikin gida. Malami ya zage shi, ya tsayar da shi a rana, ya aske masa rabin kai a bakin ƙofa, duk zai shanye. Amma a ce "ku je gida ku yi," nan take zai fara neman hanyar gudu.

Da suka shiga aji na sha ɗaya sai makaranta ta sauya tsari. Aka ce yanzu bulok-bulok za a yi karatu: wannan sati na Bulok A da darussansa, sati mai zuwa na Bulok B da nasa, kowa kuma ya zaɓi abin da zai karanta.

Gogan naku ya tafi wurin Bu Wartini, malamar da ke ba ɗalibai shawara, wadda ke magana ta hanci tana leƙen mutum ta saman tabarau. A can Bu ake kiran babbar mace don girmamawa, namiji kuma Pak.

"Bu, wane darasi ne ba a ba da aikin gida?"

"Sake tambaya."

"To wane malami ne ba a cika haɗuwa da shi ba?"

"Na kemistiri, da na fiziks, da na lissafi mai zurfi. Su sai sati bibbiyu, a Bulok B. Amma fa in suka kama ka tun safe sai azahar, aikin da suke bayarwa kuwa..."

"Rubuta min su duka, Bu."

"Kai yaro, kai da addu'ar uwarka ce ta tsallakar da kai lissafin bara?"

"Bu, malamin da ya yi sati biyu bai gan ni ba, ina zai tuna ya ba ni aiki? Ni ko Mak da ta haife ni, in na kwana biyu a gidan kaka sai ta kira ni da sunan kyanwa."

Bu Wartini ta yi masa kallon tausayi, ta rubuta.

Ran Litinin ɗin Bulok B ya tari abokinsa Jarwo a bakin ƙofa.

"Jarwo, ina ne Bulok B?"

Shi kuwa Jarwo, ɗan banza, tambayar da aka yi masa ita ya amsa. Ya tura leɓe ya nuna tsohon ginin da ke bayan masallaci, mai ƙaton harafin B a bango.

Gogan ya leƙa ɗakin farko. Ga fararen riguna, ga wuta, ga ma'auni, ga abu yana tafarfasa yana hayaƙi. Ya ce a ransa, kemistiri ke nan.

Malamar ɗakin ta ce, "Kai kuma fa?"

"Da kaina na zaɓa, Bu."

"Kun ji ko, 'yan mata? Namiji ɗaya ya yi hankali. Ɗaura wannan a ƙugu."

Aka wuni ana yankan albasa. Yana hawaye yana ce wa ta kusa da shi, "Sinadarin nan da ƙarfi yake." Da za a tashi malama ta ce kowa ya je gida ya dafa waken soya, ya naɗe shi a ganyen ayaba, ya kawo tempe.

Kashegari ya shiga ɗaki na biyu. Allo cike da zane-zane, wani kamar taga, wani kamar ƙugiya. Malami ya rusuna, ɗalibai suka rusuna. Gogan ya ce a ransa, lallai lissafin nan ya yi zurfi, har ya wuce wurin lamba.

Malamin ya nuna shi, ya yi masa wata doguwar tambaya da Japananci.

Gogan ya miƙe, ya ɗaga kai sama yana motsa baki. Sannan ya ce, "Bakwai, Pak."

Aka ba shi littafi guda ya je gida ya cika shi da ƙugiyoyi.

A ɗaki na uku ya tarar da wata malama ta sha ɗamara tana cewa, "Yau darasinmu motsi ne da daidaita nauyi." Ya ce alhamdu lillahi, ga fiziks. Aka rataya masa gyale, aka kunna kiɗa, aka ce ya karya wuya hagu, ya karya dama, kafaɗa kuma kada ta motsa. Aikin gida: a yi ta yi a gaban madubi har wuya ya yi laushi.

Satin Bulok A kuwa, ya je ginin A bai ga komai ba sai ofisoshi da wurin sai da abinci. Ya zauna yana shan miyar bakso har Juma'a, yana ce wa mai sayarwa, "Pak, wanda ya kawo tsarin nan Allah ya ji ƙan iyayensa."

Sai dai a gida ba hutu. Wata yamma uwarsa ta shigo kicin ta same shi da gyalenta a kafaɗa, wake na kan wuta, hannu ɗaya na zana ƙugiya, wuya na tafiya hagu da dama kamar na ƙadangare.

"Me nake gani haka?"

"Fiziks, Mak. Kada ki taɓa tukunyar nan, kemistiri ne."

"Kemistirin ya ƙone."

Ana haka har wata ya wuce. Bu Wartini ta aika a kira uwar. Da uwar ta zo, sai malamar ta dube ta.

"Bu, ɗanki malamansa ba wanda ya san fuskarsa. Na Bulok A ba su sani ba, na Bulok B ba su sani ba. Malamar rawa ce kaɗai ke nemansa, wai shi zai yi gaba a bikin ƙarshen shekara." Ta juyo gare shi. "Bulok sati ne, yaro. Sati. Ba gini ba."

Can sai fuskarsa ta washe.

"Wato Bu, duk aikin nan da nake yi ba nawa ba ne?"

"Ba naka ba ne."

"Ashe dabarata ta ci. Malamaina sun manta da ni."

Bu Wartini ta nuna bayan ƙofa. Ya waiga ya ga tarin takardu tun daga ƙasa har kusa da fanka, an tokare shi da kujera kada ya faɗo wa mutane.

"Ba su manta ba. Ajiya suke maka."

A hanyar gida uwar na tuƙa babur, shi yana baya rungume da buhu biyu, ko gabansa ba ya gani. Ya yi ta tunani har suka wuce kasuwa.

"Mak, na yanke shawara. Na bar makaranta. Wanda ba ya zuwa makaranta ai ba shi da aikin gida."

Uwar ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Madalla. Wanki na jiranka, ga shara, ga kwanuka. Kuma nawa aikin gidan ba shi da A ba shi da B, bulok ɗaya ne, daga asuba zuwa isha'i."