Gonar Tsohon Nan Mai Rigima

Bayan farar hula sun karɓi mulki, aka ba ofishinmu aikin taswirar gonakin Dagumawa, kusa da Wudil, saboda hanyar da za a fitar. Na kafe ni zan yi. Sati biyu ina gaban kwamfuta da hoton da aka ɗauka daga sama, ina rubuta sunan mai kowace gona. Abokin aikina Habibu ya ce, "Kawo in duba kafin a buga." Na ce aikina ba ya buƙatar mai dubawa.

Ranar taro muka shimfiɗa taswirar a ƙofar gidan dagaci, girmanta ya kai tabarma. Wani malamin makaranta ya durƙusa yana karanto sunaye, sai ya dakata.

Dagaci ya ce, "Malam, ci gaba mana."

"Ranka ya daɗe, an rubuta: gonar tsohon nan mai rigima."

Sunan mutumin ne ya ɓace min, na sa haka kafin in tambaya, na manta ban gyara ba. Nan take tsofaffi uku suka miƙe a fusace, kowa na rantsuwa cewa da shi nake.

Har yau in na shiga kasuwar Wudil, sai wani ya ɗaga murya: "Mai taswira, ni me ka rubuta a tawa?"