Ranar Da Kyamara Ta Leƙa Cikin Inuwa

Jama'a, hantsin Talatar nan a layin mai ya same ni a Kazaure, riƙe da galan, rana tana gasa mini ƙeya. Ba tafiya zan yi ba, babur ɗin ma tun bara na jingine shi. Man janareto na je nema, don mu samu mu kalli bikin buɗe famfon ƙauyenmu a talabijin. Famfon kuwa, in ka tsaya a ƙofar gidana kana hango tankinsa. Sai dai an ja igiya, an zuba masu kulki, an ce wurin na manyan baƙi ne. Mu da aka yi wa ruwan mu bi ta akwati. Tsarin ya burge ni ƙwarai. Mutum ya je ya yi cunkoso a kan abin da aka ce nasa ne, ai rashin godiya ne.

Na hau ɗan acaɓa muka kama hanyar Roni, na dira a zauren maƙwabcina Na'Allah, dillalin gyaɗa, wanda surukinsa ya aiko masa da wata talabijin daga Kano mai faɗin ƙyauren ɗaki. Zaure ya cika taf. Har Ya Kura, tsohuwar unguwarmu da ba ta raga wa kowa, an shimfiɗa mata tabarma a gaba. Matata Batulu ba ta zo ba, tana gida tana faɗa, wai tun safe ba ta ga mai ruwa ko ɗaya a gari ba.

Ana tayar da inji sai ga kakakin Mai Girma Garkuwan Alkawari, babban mutumin da ya yi mana famfon, ya cika allo. Ya ce yau an kafa tarihi, domin za a nuna bikin kai tsaye da fasahar HDR, samfurin HLG da aka yi musamman don shirin kai tsaye, kuma kyamarorin daga ƙetare aka yi odarsu. Ya daɗe yana yabon kyamara kafin ya tuna da maganar ruwa.

Ya Kura ta juyo. "Na'Allah, shi wannan Ecidiyar ɗin, ɗan kwangilar ne?"

"A'a, Iya, dabara ce ta hoto. Talabijin ta da, in rana ta yi yawa sai ki ga fari fat, in inuwa ce baƙi ƙirin. Wannan kuwa na cikin rana da na cikin inuwa duk tare take nunawa."

"To madalla. Ni dai ta nuna mini ruwa."

In faɗi gaskiya, hoto ya yi kyau. Farar shaddar Mai Girma tana ɗaukar ido, amma kana ganin aikin wuyan zare-zare. Muka ga zufar da yake yi dominmu, muka ga agogon da yake dubawa dominmu. Ya yi bismilla ya murɗa kan famfo, sai ga ruwa shaa, yana ƙyalli kamar azurfa. Maroƙa suka ɗauka, aka rangaɗa guɗa. Ni kaina sai da na fara istigfari a zuci kan mummunan zaton da na yi wa bawan Allah.

Daga nan mai ɗaukar hoto ya ja baya don duniya ta ga girman tanki. A bayan tankin akwai wata ƙatuwar darbejiya mai duhun inuwa. Da kyamarar da muka saba da ita ce, mai tarbiyya, da ta rufa asiri. Wannan ba ta samu tarbiyya ba. Sai ga kurorin masu ruwa jere a gindin bishiya, an jingina tsani, ana miƙon jarkoki hannu da hannu ana juyewa a tanki.

Ya Kura ta ƙura wa allo ido.

"Wancan na kan tsani ba Daudu ba ne, mijin Dela?" in ji Ya Kura.

"Shi ne, Iya," in ji Na'Allah. "Ga facin wandonsa ma."

Shi kuwa Daudu, da ya ga an juyo da kyamara wajensa, sai ya ɗaga mana hannu, don mutum ne mai gaisuwa. Kakaki yana tsakiyar bayanin zurfin da aka haƙa kafin a tarar da ruwan, allo ya yi shuɗi, aka ce mu yi haƙuri, an samu tangarɗar na'ura.

Da manyan baƙi suka kwashe kujerunsu, mata suka ruga da bokitai. Famfo ya yi ƙoƙari har zuwa azahar, sannan ya yi tari ya yi shiru. Batulu ta samo rabin bokiti. Ta kurɓa ta ce, "Malam, wannan ai tsohon sani ne, ruwan rijiyar bayan gari ne."

Washegari na haɗu da Daudu a bakin masallaci, ba kura ba jarka. Na ce, "Daudu, ina abin sana'a?"

"An ƙwace, Malam. Wai mun zubar da mutuncin aiki a idon duniya. Su fa suka ce mu tsaya a inuwa, kyamara ba ta ganin nan."

Ka ga ke nan an samu ci gaba. Da muna da masu ruwa ba famfo. Yanzu ga famfo, masu ruwa kuma suna hutawa. Ya Kura da jikokinta mata sun koma jan guga.

Kada ku ce manya sun yi shiru. Tuni an kafa kwamiti mai ƙarfi, ba don a gano inda ruwan ya shiga ba, a'a, don a gano wanda ya zaɓo kyamarar. Har an fitar da sakamakon farko: HDR bai dace da yanayin ƙasarmu ba, kuma ba ya ganin girman na gaba. Na ji 'yan kwamitin za su zagaya ƙasashen waje neman samfuri mai kunya.

Ranku ya daɗe, kada ku wahalar da kanku da hawa jirgi. Akwai wata tsohuwar talabijin mai ƙusumbi a ƙarƙashin gadona, baƙi da fari, duk hotonta yayyafi ne. A cikinta ko alkawarinku aka nuna, sai mutum ya rantse an cika.